Kafin mu zuba kuɗin ƙungiya a mainin, mu fara lissafin wuta



Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Garatu da kewaye, da waɗanda neman abinci ya kai su cikin Minna, Suleja, Abuja da sauran wurare, muna yi wa kowa fatan alheri.

Akwai shawarwari biyu a gaban kwamitin zartarwa, kuma duka a kan abu ɗaya suke. Ta farko ta fito ne daga wasu matasanmu: a ɗebi wani kaso daga asusun taimakon juna a sayo injin haƙar Bitcoin, a kafa shi a nan gari, abin da ya samo ya riƙa shiga asusun. Ta biyu ta fi daɗin ji. An ce ba sai mun sayi inji ba, akwai kamfani a intanet da zai ba mu hayar nasa, mu biya sau ɗaya, riba ta riƙa sauka a waya kullum. Waɗanda suka kawo shawarwarin ’ya’yanmu ne, kuma ba mu da shakka a kan niyyarsu. Sun ga yadda darajar Naira take narkewa a asusu, suna so kuɗin ya haihu. Amma wannan kuɗin shi ne muke kai mara lafiya asibiti da shi, mu yi wa mamaci sutura, mu biya wa marayu kuɗin jarrabawa. Don haka muka ga ya dace mu faɗi ra’ayinmu a fili tun kafin babban taro, kowa ya zo ya riga ya yi tunani. Ba ma goyon bayan ko ɗaya daga cikin biyun, kuma ga dalilanmu.

Babbar matsalar tana cikin kalmar kanta. Abin da yaro yake yi a majalisa yana dangwala waya, ana ce masa mainin. Abin da kamfanoni suke yi a Amurka da dubban injina a cikin rumbuna, shi ma mainin. Wanda ya ce ka turo dubu hamsin ya riƙa ba ka dubu biyu kullum, shi ma sunan da ya sa wa harkarsa ke nan. Suna ɗaya, amma babu abin da ya haɗa su. Mai farawa da bai rarrabe su ba, zai ji labarin ribar wancan ya kai kuɗinsa wajen wannan.

Mu fara da na ainihi. A ranar 31 ga Oktoba 2008 wani mutum, ko wasu mutane, da sunan Satoshi Nakamoto suka fitar da ’yar takarda suna bayanin kuɗin da babu banki a tsakani, aka fara aiki da shi a ranar 3 ga Janairu 2009. To idan babu banki, wa zai riƙe littafin da ke nuna wane ya ba wane? Dabarar ita ce kowa ya riƙe kwafin littafin, sannan a yi gasa a kan wanda zai rubuta shafi na gaba. Kusan duk minti goma ake rufe shafi ɗaya. Gasar ba ta ilimi ba ce ko wayo. Kamar mutum ne a gaban kwaɗo da buhun makullai, yana gwada su ɗaya bayan ɗaya har ya dace da wanda zai buɗe. Wanda injinsa ya fi saurin gwaji, shi ya fi samun dama. Wanda ya dace, a ba shi lada da sabon Bitcoin. Wannan shi ne haƙar, babu rami babu diga.

Ladan nan a 2009 Bitcoin 50 ne a kowane shafi. An tsara cewa kusan duk shekara huɗu sai ya ragu da rabi: 25 a 2012, 12.5 a 2016, 6.25 a 2020, sannan 3.125 tun watan Afrilu 2024. Ana sa ran ragi na gaba a 2028. Bayan haka, kusan duk mako biyu tsarin yana duba yawan injinan da suka shigo, idan sun ƙaru ya ƙara wa kwaɗon tsauri. Ma’ana abincin da ke cikin akushi ba ya ƙaruwa, hannuwa ne suke ƙaruwa. A rana ɗaya duniya gaba ɗaya Bitcoin kusan 450 take rabawa, ko injina dubu ne suke aiki ko miliyan goma.

A shekarun farko mutum yana iya haƙa da kwamfutar ɗakinsa. Wannan zamanin ya wuce tun tuni. Daga baya masu ƙaramin ƙarfi suka koma haƙar Ethereum da kwamfutoci masu ƙarfin sarrafa hoto, har zuwa ranar 15 ga Satumba 2022 da Ethereum ɗin ya daina amfani da haƙa baki ɗaya. Mun kawo wannan ne saboda yawancin bidiyon koyar da mainin da yaranmu suke kallo a YouTube tun kafin wannan ranar aka yi su. Duk wanda zai kalli irinsu ya fara duba shekarar da aka ɗora.

Yanzu ga lissafin da muke so kowa ya yi da biro da takarda. Ɗauki inji irin Antminer S21 na kamfanin Bitmain, wanda aka yi shi don wannan aikin kaɗai. Yana gwada lambobi kusan tiriliyan 200 a kowane sakan. Adadi ne mai ban tsoro, amma a 2025 ƙarfin injinan duniya idan aka haɗa ya kai kusan ninki miliyan biyar na wannan injin. Ka raba Bitcoin 450 gida miliyan biyar, ka samu rabonka na rana. Ko a lokacin da Bitcoin ɗaya yake wajen dala 100,000, rabon nan bai wuce dala 9 zuwa 10 ba. A canjin Naira 1,500, wajen Naira 14,000 zuwa 15,000 ke nan a rana, idan injin bai tsaya ba ko na minti ɗaya. Wannan ma sai ka shiga gungun masu haƙa da suke haɗa ƙarfi su raba abin da aka samu, su kuma su cire nasu kason. Idan kai kaɗai za ka yi, kana iya shekaru masu yawa ba ka buɗe kwaɗon ko sau ɗaya ba.

To nawa yake ci? Wat 3,500 yake sha, dare da rana. Kamar ka kunna dutsen guga uku ko huɗu ne ka bar su ba kashewa. A awa 24 yunit 84 ke nan. Masu wutar rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, farashin da aka sanya musu a Yuli 2024 Naira 209.5 ne kowane yunit. Yunit 84 sau 209.5 ya kama Naira 17,600 a rana, sama da rabin miliyan a wata. Ka samu 15,000, ka biya wuta 17,600. Ba a sa kuɗin injin ba, wanda ya kai miliyoyin Naira kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Ba a sa intanet ba, ba a sa mai gadi ba.

Wani daga cikin matasan ya yi mana tambaya mai ma’ana, ya ce ai mu ba farashin rukunin A muke biya ba, namu ya fi araha. Gaskiya ne sauran rukunan sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma arahar da dalilinta: awoyinsu kaɗan ne. Rukunin D awa takwas aka yi masa alkawari, na E awa huɗu. Kowa a nan ya san awa nawa yake ganin wuta a gidansa, ba sai mun faɗa ba. Mu ɗauka awa takwas ɗin tana samuwa cif. Samun ya koma kashi ɗaya cikin uku, wajen Naira 5,000. A cire kuɗin wuta, abin da zai rage bai kai 4,000 ba. Injin Naira miliyan huɗu zai ɗauki kusan shekara uku kafin ya mayar da uwar kuɗi, kuma kafin nan ragin 2028 ya zo ya raba samun biyu, sababbin injina sun fito sun mayar da namu tsohon yayi. Duk wannan idan bai ƙone ba. Inji ne da yake son wuta cikakkiya marar rawa, da iska mai sanyi marar ƙura. Mu kuma muna da zafin Maris da Afrilu da yake kusantar digiri 40, muna da ƙurar hunturu, muna da wutar da wani lokaci ko fanka ba ta juyawa. Ƙararsa kuwa maƙwabci ba zai yi barci ba. In ya lalace, babu mai gyaransa a Kasuwan Gwari ko a Tunga.

Janareta ba ma abin tattaunawa ba ne. Wanda zai ɗauki wannan nauyin yana shan kusan lita biyu a awa, sama da lita 40 a rana. Kowa ya ninka da farashin fetur na yau ya gani.

Sola ta fi kama da magana, shi ya sa muka tsaya a kanta. Don a samu yunit 84 kullum ana buƙatar faranti kusan 40 manya, da batiran da za su riƙe injin tun daga la’asar har hantsi. Kuɗin wannan ya ninka na injin sau da yawa. Amma a ce wani bawan Allah ya ba ƙungiya kyautar wannan solar gaba ɗaya. Shin injin Bitcoin ya kamata mu jona mata? Da wannan wutar za a iya tayar da famfon burtsatse, a kunna firizoji a sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi a watan azumi, a yi cajin ɗaruruwan wayoyi, a ba masu walda da teloli da masu aski. A garin da wuta take tsada kuma take wuya, sayar wa maƙwabci ita ya fi sayar wa Bitcoin riba, kuma kuɗin a hannu ake karɓa. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mana a rai a duk binciken da muka yi: haƙar Bitcoin sana’ar mai rarar wuta ce. Wanda yake da wutar da ya rasa mai saye, shi yake mayar da ita kuɗi ta wannan hanyar.

Shi ya sa lokacin da ƙasar Sin ta hana harkar a 2021, injinan ba su watsu cikin gidajen talakawa ba. Sun bi wuta mai araha ne zuwa Texas ta Amurka da Kazakistan, daga baya wasu suka sauka Habasha saboda babbar madatsar ruwan da ta gina a kan kogin Nilu. A Kenya da Malawi da Zambiya akwai kamfani mai suna Gridless da yake kafa injina kusa da ƙananan tashoshin wutar ruwa na karkara, yana sayen wutar da mutanen ƙauye ba su iya shanyewa ba. A can lissafin yana fita, domin wutar da za ta tafi a banza ce.

Mun san abin da wasu za su ce: ai jiharmu ce gidan wuta. Haka ne. Kainji tana nan tun 1968, ga Jebba, ga Shiroro tun 1990, ga Zungeru mai megawat 700 da ta shigo kwanan nan. Idan wata rana gwamnatin jiha ko wani babban kamfani suka zauna da masu madatsun nan a kan wutar da layin ƙasa ya kasa ɗauka, musamman yanzu da dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi dama a harkar, wannan magana ce ta manya, kuma ko a nan za mu ce a fara ba gidaje da asibitoci tukuna. Amma kusancinmu da Shiroro bai rage wa mitar gidan kowa ko kwabo ba.

Sai mainin ɗin waya, wanda shi ne ya fi shiga gidajenmu. Pi Network ta fara ne a ranar 14 ga Maris 2019, a hannun Nicolas Kokkalis da Chengdiao Fan, waɗanda suka yi karatu a jami’ar Stanford. Ka danna maɓalli sau ɗaya a awa 24, ka gayyato wasu, lambobinka su ƙaru. Ana yaba mata cewa ba ta cin batir. Dalilin da ya sa ba ta ci shi ne wayar ba ta yin wani aikin haƙa. Rajista ce kake sa hannu kullum, kamfani yana rubuta maka maki. Ba zagi ba ne, haka tsarin yake. ’Yan baiwa sun yi shekara kusan shida suna jira, aka sha yi musu dariya, har ranar 20 ga Fabrairu 2025 aka buɗe ta ga kasuwa. Ta taɓa kusan dala 3 a makon farko, sannan ta gangaro ƙasa da dala ɗaya, kafin ƙarshen shekarar ta koma ƙasa da rabin dala. Waɗanda suka fara da wuri, aka tantance su, suka sayar da wuri, sun samu wani abu, kuma muna taya su murna. Da yawa kuma nasu yana kulle, ko tantancewa ta hana su.

Har yanzu akwai masu cewa ainihin farashin Pi dala 314,159 ne, a yi haƙuri kawai. ’Yan uwa, wannan lambar ba a kasuwa aka samo ta ba. Lambar nan ce ta darasin lissafi, 3.14159, aka matsar da ɗigonta. Adadin Pi da aka tsara gaba ɗaya biliyan 100 ne. In ka ninka, za ka samu kuɗin da ya fi abin da duniya duka take samarwa a shekara sau fiye da 250. Wa zai biya?

Abin da ya hura wutar dangwale a Arewa shi ne Notcoin ta manhajar Telegram. Ta fashe a ranar 16 ga Mayu 2024, kuma mutane sun ga kuɗi na gaske, wasu sun sayi waya, wasu sun rage bashi. Daga nan kowa ya shiga, har dattawa da matan aure. Hamster Kombat ta ce ta tara mutum miliyan 300. Watanni ana dangwale, ana neman makullai, ana kallon bidiyo don a ciro kalmar sirri ta ranar. Da aka yi rabo ranar 26 ga Satumba 2024, yawancin mutane ’yan daloli suka samu, abin da matasa da kansu suka kira ƙura. Ba wani abin mamaki a ciki. Notcoin ta biya ne lokacin da masu cin ba su kai haka yawa ba. Su kuwa masu manhajar ba su yi asara ba, domin duk bidiyon da aka kalla da duk tallan da aka buɗe kuɗi ne yake shigar musu. Wanda yake ganin shi ne mai haƙa, ashe idonsa da lokacinsa ake sayar wa masu talla.

Ba mu ce haramun ba ne yaro ya danna waya, kuma ba ma cikin masu yi musu gori. Matashin da ya gama makaranta ya rasa aiki, ya ga ƙofar da ba a neman takarda ko ubangida, dole ya leƙa. Wasunsu ta nan suka koyi buɗe asusun kirifto, suka san canji, suka iya Turancin da makaranta ba ta koya musu ba. Amma a daina cewa kyauta ne. Data kuɗi ce, kuma tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairu 2025 ta ƙara tsada. Caji kuɗi ne. Fuskar wayar da ta mutu kuɗi ce. Awoyin da aka ɗauke daga gona a lokacin tusa doya, ko daga shago, ko daga karatu, su ma kuɗi ne.

Akwai kuma abin da ya fi data tsada, wato shaidar mutum. Manhajoji da yawa suna neman hoton katin ɗan ƙasa da hoton fuska kafin su sake maka abin da ka tara. Wasu ma yawo suke yi gida-gida suna ba mata da tsofaffi ’yan kuɗi kaɗan su karɓi NIN da BVN ɗinsu, wai za a yi musu rajistar mainin. Asusun da aka buɗe da sunanka, idan kuɗin damfara ko na fansa ya bi ta ciki, ƙofarka jami’an tsaro za su ƙwanƙwasa, ba ta wanda ya ba ka dubu biyu ba. Haka kalmomin sirri 12 ko 24 da ake ba mutum idan ya buɗe lalitar kirifto. Duk wanda ya gan su ya mallaki abin da ke ciki, kuma babu manajan bankin da za a kai wa kuka. Babu kamfanin gaskiya da zai ce ka turo su don a taimaka maka da tantancewa.

Shawara ta biyu, ta hayar inji a intanet, ita ce ta fi tayar mana da hankali. Tambaya ɗaya ta ishe ta. Mutumin da yake da injin da ke kawo riba tabbatacciya kullum, me zai sa ya nemi dubu hamsin ɗin mutumin Garatu? Banki zai ba shi rance da kuɗin ruwan da bai kai abin da yake yi mana alkawari ba. Kuma mun riga mun ga lissafi: samun mai haƙa na gaskiya yana hawa yana sauka da farashin Bitcoin da yawan injina, ba ya iya cewa gobe kaza zan samu. Duk wanda ya yanka maka riba tsayayya, to ba daga haƙa take fitowa ba, daga aljihun wanda ya shigo bayanka take.

An yi irin wannan a inda suka fi mu sanin kwamfuta. HashFlare kamfani ne na wasu mutum biyu ’yan ƙasar Estoniya, Sergei Potapenko da Ivan Turõgin. Tsakanin 2015 da 2019 sun sayar wa mutane hayar injin haƙa ta sama da dala miliyan 570. Kowane mai saye yana buɗe shafinsa ya ga riba tana taruwa. Ashe injinan da suke da su ba su kai ko kusa da abin da suka sayar ba, lambobin da ke shafin ƙirƙira ce. A Fabrairu 2025 suka amsa laifinsu a gaban kotu a Amurka. Lambar da mutum yake gani a fuskar waya ba kuɗi ba ce sai ranar da ta shiga hannunsa.

Mu ma a gida ba baƙi ba ne a wannan. MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun mutane a Disamba 2016. CBEX ba da sunan mainin ta zo ba, cewa ta yi na’ura mai ƙwaƙwalwa ce take yi wa mutane ciniki, kuɗi ya ninka a kwana 30. Ta ruguje a Afrilu 2025, mutane suka far wa ofishinta a Ibadan, EFCC ta shiga bincike. Abin takaici, bayan rugujewar sai aka ce wa waɗanda kuɗinsu ya maƙale su biya dala 100 ko 200 na tantancewa kafin a sake musu, kuma wasu suka biya. Riga ce kawai ake sauyawa. Alamun ba sa sauyawa: a biya ka da wuri a karon farko don ka ƙara, a ba ka lada idan ka kawo ɗan uwanka, ranar cirewa a ce sai ka ƙara wani kuɗi. Kuma mai kawo maka ita ba baƙo ba ne, wanda kuke sallah sahu ɗaya ne, shi ma ya yarda da ita da zuciya ɗaya. Abin da yake raba zumunci ke nan idan ta fashe ta wancan gefen.

Ta fuskar doka, kirifto ba laifi ba ne a Najeriya. Babban Bankin Ƙasa ya hana bankuna hulɗa da shi a ranar 5 ga Fabrairu 2021, ya janye hanin a Disamba 2023. A Maris 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta sa kadarorin intanet a ƙarƙashin hukumar SEC, ta kuma tanadi tarar da ba ta gaza Naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin harkar MMM. Masu tallata ta ma su yi hattara. Sannan a lura, takardar rajistar CAC da suke nunawa ba lasisin karɓar kuɗin jama’a ba ce. Shagon kayan miya ma yana iya yin ta. Wanda zai karɓi jarin mutane, sunansa a wajen SEC ake nema.

Wasu iyaye sun tambaye mu hukuncinsa a addini. Wannan ba fagenmu ba ne. Abin da muka sani shi ne malaman duniya sun saɓa: Muftin Masar ya hana cinikin Bitcoin, majalisar malaman Indonesiya ta hana amfani da kirifto a matsayin kuɗi a 2021, majalisar shari’a ta hukumar hannun jarin Malesiya kuma ta halatta cinikinsa a 2020. Kowa ya koma wa malaminsa, amma ya yi masa bayanin wanne daga cikin ukun nan yake nufi, don kada a ba shi fatawar wani abu a kan wani. Ga kuɗin amana kuwa, wanda akwai haƙƙin marayu a ciki, saɓanin kaɗai ya isa ya sa mu ja baya.

To wanda duk da haka yake son ya fara, da kuɗinsa ba na ƙungiya ba, me za mu ce masa? Ya fara da lambobi huɗu: wat nawa injin yake sha, nawa yake biyan yunit, awa nawa yake samun wuta, nawa injin yake samarwa a yau. Akwai shafukan da suke yin wannan lissafin kyauta, kuma idan amsar ta fito da ja, kada ya ce farashi zai tashi ya rufe giɓin. Mai ganin Bitcoin zai tashi, ya fi masa sauƙi ya sayi ɗan kaɗan a dandalin da SEC ta sani ya ajiye, da ya sayi inji. A Agusta 2024 hukumar ta ba Busha da Quidax amincewar farko. Ko a nan, kada ya sa abin da in ya narke zai hana gidansa cin tuwo, kuma kada ya ci bashi, kada ya sayar da doyar iri ko akuyar mahaifiyarsa. Mai dangwale kuma ya ɗauke shi kamar wasan dara: ba ya biyan ko sisi don a ƙara masa sauri, ba ya ba da katinsa, ba ya tura kalmomin sirrinsa, kuma ya yanka wa kansa lokaci.

Abin da muke ganin ya fi dacewa ƙungiya ta sa kuɗi a kai, idan har za a taɓa asusun don matasa, shi ne abin da zai zauna a hannunsu. Ga jami’ar FUT a Gidan Kwano, tafiyar mintoci daga nan, tana da sashen koyar da tsaron intanet, kuma muna da ’ya’ya a cikinta da za su iya zama da ƙannensu ranar Asabar. Ga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da yake koyar da sana’o’in kwamfuta kyauta. Ga haɗa sola da gyaranta, wanda duk wanda ya iya shi a yankin nan ba ya zama. Yaron da ya iya jure wata shida yana bin Hamster kullum ba fashi, ba malalaci ba ne.

Daga yau, duk wanda ya ɗora adireshin gayyata na wata manhajar mainin ko ta zuba jari a zauren ƙungiya, za a goge, ko wane ne. Ba don raini ba, sai don mutane suna ɗauka abin da ya fito ta nan ƙungiya ta tantance shi.

Hukunci a kan shawarwarin biyu na babban taro ne, ba na kwamiti ba. Za a saka su a ajandar zaman ƙarshen wata, bayan sallar la’asar, a inda aka saba. Masu shawarar inji su zo da sunansa, da farashinsa har ya iso Garatu, da lissafin wutarsa a rubuce. Masu shawarar haya su zo da sunan kamfanin, da inda injinansa suke, da shaidar rajistarsa a SEC. Za a ba kowa lokaci ya yi bayani ba tare da an katse shi ba. Ma’aji zai zo da littafin asusu, kuma muna roƙon iyaye mata su halarta, domin kaso mai yawa na kuɗin nan nasu ne.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa.